Shekarar Tukunya Biyu

Duk Kirsimeti, da an kawo dabba an ɗaure a gindin darbejiyar tsakar gida, sai in ji ɗayanku ya ce a ɓoye wuƙa ga Baba nan ya fito. Sai ku kwashe da dariya, har jikokin da ba su san kan zancen ba su taya ku. Na yi haƙuri shekara da shekaru. Yanzu gwiwa ta zaunar da ni, ido ma ya fara ba da uzuri, na ce gara in rubuta yadda abin ya faru da hannuna kafin ku binne ni da labarin da Talatu ta ƙulla. Ƙanwata ce, ina sonta, amma ranar tana bayan ɗaki tana tuyar cincin, ba abin da ta gani. Ban yanka tauren da lauje ba. Bai kuma tashi ya bi ni da gudu bayan an yanka shi ba. Wuƙa ce mai kyau, yankan ma ya yi kyau, wanda ya san aikin ya shaida. Aibinsa ɗaya ne, hannuna ne ya yi shi.

In rubutun ya karkace ku yi haƙuri. A aji huɗu na tsaya, ba don kwanya ta gaza ba, sai don na lura malamin ya fara maimaita kansa. Ku masu digiri kuna iya gyara mini baƙaƙe, amma kada wanda ya taɓa maganar.

Kakanku Nomau Bamaguje ne, haifaffen wata 'yar unguwa can bayan Darki. Yana saurayi ya karɓi bishara, aka yi masa baftisma aka sa masa Ishaya, sunan da ban taɓa jin kowa ya kira shi da shi ba sai fasto, shi ma sai in za a ba shi aikin ɗaukar benci. Ya taho Wudil da akwatin sifana da famfon keke, ya kafa rumfar gyara a bakin hanyar da ke gangarawa gada, ya sami gida a Sabon Gari ya kawo Inna. A layinmu kaf mu kaɗai ne masu fita ran Lahadi da Littafi a hammata. Majami'ar ɗaki guda ce mai rufin kwano, yawancin masu zuwa baƙi ne da aiki ya kawo, 'yan sanda da ma'aikatan asibiti da masu sayar da kayan mota. Su suna ce mana Malam don sun ga hula da tsage, yaran unguwa kuma in faɗa ya haɗa mu su ce mana arna. In faɗa bai haɗa mu ba, tare muke wanka a kogi, tare muke satar mangwaro, tare ake zane mu. Ni dai ban taɓa ɗaukar kaina abin tausayi ba. Yaron da ke cin naman Babbar Sallah daga gidaje fiye da goma, ya zo kuma ya ci na Kirsimeti a gidansu, in ka tausaya masa ka ɓata tausayinka.

A cikin gida bin Almasihu ba abin hayaniya ba ne. Ladan na kiran asuba a bakin layi, Baba na tashinmu addu'a. Yakan ce ladanin unguwa agogon kowa ne. Ya karanta aya biyu ko uku da yatsa a kan layi, don shi ma karatun yaƙi da jahilci ya yi, in ya zo kan sunan da ya fi ƙarfinsa sai ya ce wani sarki, ya wuce. Inna ba ta karatu, amma waƙoƙin sujada kaf suna kanta. Da su take daka, da su take tankaɗe, har matan maƙwabta sun iya amshin wasu ba su san na majami'a ba ne. Da azumi kuwa doka ce, ba mai fita ƙofar gida da abu a baki. Na taɓa tambayar Baba ko mu ma azumin muke. Ya ce a'a, mutunci muke.

Inna ce ta sha wuyar zaman, ita kuma ba ta faɗa. Sunanta Kande. Shekarun farko, in Kirsimeti ta zo takan dafa shinkafa da nama ta zuba a kwanukan samira ta aika kowane gida, kamar yadda suke aiko mata da Sallah. Kwanuka su dawo a wanke, da godiya, wani lokaci har da ɗan goro a ciki. Sai wata shekara ta zagaya bayan katanga neman kazarta, ta tarar da kajin unguwa sun yi da'ira suna Kirsimeti da shinkafarta, naman kuwa karnuka sun riga su. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta je ta sami matar Malam Garba, masuncin da katangarsa ke jingine da tamu, ta ce ta gaya mata gaskiya tsakani da Allah. Matar ta sunkuyar da kai ta ce ba ƙi ba ne, yanka ne. Ana cewa mutanenmu ba sa bambanta yanka da mushe. Daga ranar Baba ya yanke hukunci, ko ɗan tsako ba zai sake mutuwa a gidanmu ba sai da wuƙar Malam Garba. Ba na biki kaɗai ba, har wanda mu za mu ci mu kaɗai, don kada tukunyar Inna ta zama abin tambaya. Malam Garba dogo ne marar hayaniya, kullum yana ƙarnin kifi, shi ke jan salla a ɗan masallacin bakin layi in Liman ya yi tafiya. Da aka san wuƙarsa ce, gidaje suka fara ci, ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ita ce Gwaggo Asabe mai daddawa, tsohuwar da mijinta ya rasu tun kafin a haife ni, wadda in ta ce abu ba shi da tsarki, to ko sabulu ne matan layin sun daina taɓa shi. Shekara goma sha ɗaya Inna tana aika mata kwano, tana mayarwa yadda ya je. A ta sha biyu kwanon ya dawo a suɗe, da ƙullin daddawa a ciki. Inna ba ta sa daddawar a miya ba, ta adana ta har ta bushe ta zama dutse. Duk da haka Gwaggo ba ta taɓa taka ƙofar gidanmu ba.

Ku da kuka tashi kuna sayen kaza a daskare cikin leda, ba ku san wanda ya yanka ba kuma ba kwa tambaya, za ku ce wannan wace irin wahala ce. Ɗaliban jami'ar nan da ke haya a ɗakunan waje, da na ba su labarin, ɗayansu ya ce Baba ai wannan tsoro ne kuke ji. Na ce masa da tsoro ne, da mun rufe ƙofa mun cinye namanmu, ai ya fi sauƙi.

Shekarar da nake ba ku labari ina da wajen ashirin. Da kaka aka yi mini baftisma a kogi, ƙasa da gada kaɗan, na fito ina rawar sanyi ina jin duk Wudil ba wanda ya kai ni tsarki. Sai kuma wani mai bishara ya zo daga wajen Jos ya yi mana wa'azin mako guda. Mutum ne mai murya, in ya ɗaga ta kwanon rufi har amsawa yake. Abin da ya yi ta nanatawa shi ne kada mai bi ya ji kunyar sunan da yake ɗauke da shi. In faɗi gaskiya, bawan Allahn nan bai ambaci akuya ba ko sau ɗaya. Ni ne na ɗauki wa'azin na kai shi turke. A turken kuwa dabba biyu ce. Ga tauren Kirsimeti da Baba ya tanada, ga ragona, fari mai baƙin kunne, wanda na sayo a Kara, kasuwar dabbobi, yana ƙarami na yi wata tara ina ɗura masa dusa da harawa. Na uban Rahila ne. Rahila 'yar wani dattijon majami'armu ce, mun daidaita, an ce in sabuwar shekara ta kama manya su kai ragon gaisuwa a sa rana. Uwarku ta san labarin, ba sai kun ɓoye mata littafin ba.

Da sassafe ranar Kirsimeti Baba ya tafi majami'a jera benci, ya ce in Malam Garba ya dawo daga kogi in kira shi. Inna ta tafi karɓo babbar tukunya. Aka bar ni da taure da Kawu Jatau, wan Inna. Shi Kawu bai bi Almasihu ba bai bi Annabi ba, yana nan kan tsafin kakanni, amma duk bikin da ake yanka a cikinsa yana girmama shi, ya taso tun daga ƙauye da ƙafa. Yana zaune kan turmi yana shan hantsi. Rana ta ɗaga, na leƙa gidan Malam sau biyu, aka ce taru ya maƙale musu, bai dawo ba.

"Bitrus," in ji Kawu, "wai ni wannan Allahn naku, ba shi da wuƙa ne?"

Na ce, "Kawu, ai ƙarfen ma Shi ya yi shi."

"To na ga kullum aro kuke. Mu a ƙauye ko ɗan tsafin da ke gindin tsamiya yana da wuƙarsa. Ku kun ce naku ya fi na kowa, ga shi akuya ta gagare ku sai an jira masunci."

"Ba gagara ba ce, Kawu. Zaman tare ne."

"To. A ƙauyenmu kunya muke ce mata."

Kalmar nan ce ta gama da ni. Mako guda ana gaya mini kada in ji kunya, ga Bamaguje a kan turmi yana ce mini ita nake ji. Na shiga ɗakin girki na ɗauko wuƙa na wasa ta a dutse. Na haƙa ɗan rami kamar yadda na ga Malam yana yi tun ina rarrafe, na kwantar da tauren na fuskantar da shi gabas, ban ma san dalilin gabas ɗin ba, Kawu ya danne ƙafafu yana murmushi. Na ɗaga murya yadda mai bishara ke yi, na ce da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, na ja. Sau ɗaya. Ban taɓa jin girma irin na wannan ɗan lokacin ba, ko ranar da aka naɗa ni dattijon majami'a. Bai kai a tafasa ruwan shayi ba Inna ta shigo da tukunya a ka.

Ni ne ɗan farinta, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma duban idona in akwai mutane. Tauren ta duba.

"Malam har ya zo ya tafi?"

"Bai zo ba, Inna."

"To."

Ta ga jini a hannuna har gwiwar hannu. Ta sauke tukunyar a hankali kamar mai sauke jariri. Kwanukan unguwa suna jere kan tabarma a bakin ɗakinta, ta wanke su tun jiya ta kife, kowanne ta san gidan da za shi. Ta durƙusa ta fara ɗaukarsu tana sa wani cikin wani. Ba zagi, ba duka. Na gwammace a ce muciya ta ɗauko.

Baba ya dawo ya tarar da mu haka. Kafin ya tambaya na tare shi da wa'azi, na mako guda cur na juye masa a tsaye, har da ɗaga yatsa. Ya saurara, don shi mutum ne da ko taya ce ke fitar da iska sai ya kasa kunne ya ji daga ina. Ina cikin magana idona ya kai kan Inna. Ta zo kan kwanon Gwaggo Asabe, mai shuɗin murfi, ta riƙe shi ta kasa sa shi cikin sauran. Nan wa'azin ya ƙare mini. Wannan wurin Talatu ba ta san shi ba, da na so da na tsallake shi, amma na ce gaskiya zan rubuta. Na rage murya.

"Baba," na ce, "ai ba wanda ya gani. A feɗe a dafa a aika kamar kullum. Kawu kaɗai ya sani, shi kuwa in ya sami abin sha, kafin azahar ya manta sunansa."

"Ni yankan kowa ina ci," in ji Kawu. "Ba ruwana da shaida."

Baba ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

"Ɗazu ka ce mini ba ka jin kunyar sunan. Da ƙarfi ka kira shi, na tabbata. Yanzu kuma so kake mu ɓoye shi a cikin miya, mu ba mutane su haɗiya ba su sani ba?"

Ya dubi kwanukan Inna, ya ci gaba.

"Shekara nawa mutanen nan suna cin abin da ba su ga yankansa ba? Maganata suke ci, Bitrus, da ta uwarka."

Ana haka Malam Garba ya yi sallama, wando a naɗe, wuƙa a nannaɗe cikin tsumma. Suka gaisa da Baba gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya sanyi, yaya iyali, barka da biki, duk a kan gawar tauren, ba wanda ya nuna ya gan ta. Sai da suka gama Malam ya tsuguna ya ɗaga haɓar ya duba wuyan.

"Yanka ya yi kyau. Wa ya koya maka?"

"Wurinka na gani, Malam."

"Me ka ce da ka ɗora?"

Na faɗa masa. Ya jinjina kai.

"Da ka tsaya kan Allah kaɗai, da na je na tambayi Liman, don na taɓa jin malamai na cewa akwai magana kan yankan ma'abota littafi. Amma suna uku kan taure ɗaya, ɗana, ka yi yawa."

"Ɗaya ne, Malam," in ji Baba.

"Nomau, shekara ashirin muna wannan lissafin ni da kai. Ba yau za mu gama shi ba, ga nama yana jiran fiɗa."

Baba bai yi dariya ba, ko da yake na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce in wanke hannu in sa rigar Kirsimeti, in bi layin gida-gida, in yi sallama da maigida in ce bana ba nama daga gidan Nomau. In kuma faɗi dalili da bakina. Kada in ce kuskure aka yi, in ce ni na yi.

Na bi. Ban san layinmu yana da tsawo haka ba. Wani ya ce Allah ya kyauta, wani ya ce madalla da ka faɗa, wani ya yi dariya har ya riƙe bango, ya kira ɗansa ya zo ya ga sabon mahauci. Na bar Gwaggo Asabe ƙarshe. Tana zaune bakin ƙofarta kamar kullum, faifan daddawa a gabanta, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta na faɗi abin da ke tafe da ni. Ba ta daina jan carbin ba.

"Na bana ka faɗa," ta ce. "Na bara fa? Da na bara waccan?"

"Malam Garba ne, Gwaggo."

"In ji ka."

"Ki tambaye shi."

"Shi a gidanku yake kwana? Kazar da kuke ci ran Lahadi, shi ke bin ta? Ashe akwai mai wuƙa a cikin gidan, mu muna nan muna ta ci da bismilla. Ka gaya wa Kande kada ta sake wahalar da kwanonta."

Na koma na faɗa wa Inna kalma-kalma, don ranar na riga na ƙoshi da ɓoye-ɓoye. Tana tsintar shinkafa a faifai. Ta ce to, ta ci gaba da tsinta, amma na lura tsakuwar take barwa a ciki tana zubar da ƙwayar.

Yanzu ga wurin da nake so ku karanta da kyau, in da hali a tsaye. Ba wanda ya ce mini komai. Baba da Kawu suna fiɗar taure, Malam Garba yana wanke ƙafa a bakin rijiya zai tafi. Na je turke na kwance ragon.

"Na uban Rahila ne fa," in ji Baba, bai ɗago ba.

"Na sani."

"Ba ni da wani da zan ba ka."

"Na sani, Baba."

"To buɗe masa ƙyauren duka, kada ƙahon ya karce."

Ban yarda a yanka shi a gida ba. Na ja shi har bakin layi, gaban ɗan masallaci, daidai inda mai zama a ƙofar Gwaggo ba zai iya cewa bai gani ba. Ni na haƙa ramin, ni na danne ƙafafu. Malam Garba ya warware tsummansa ya dube ni.

"In na ɗora ba a fasawa, Bitrus."

"Ɗora, Malam."

Ya ce bismillahi Allahu akbar, da ƙarfi fiye da yadda ya saba, har na ƙarshen layi ya ji. Ragon da na yi wata tara ina sosa masa wuya ya dube ni. Ni na dubi bangon masallaci. Gwaggo kuwa tana ta jera daddawa a faifai kamar ba a yi komai ba.

Sujadar Kirsimeti ranar na isa ana addu'ar sallama. Da ni aka shirya zan yi karatu a gaban jama'a karo na farko, wani ɗan sanda ya yi a madadina, ya yi wa Hausar kisan gilla. Wannan ƙaramar hasara ce. Babbar ita ce uban Rahila. Da labari ya kai masa ya ce shi bai ga laifin zumunci da maƙwabta ba, amma saurayin da ke kyautar da ragon surukai kafin a sa rana, bai san me zai kyautar bayan an ɗaura ba. Ya ce in sake kiwo. Kafin sabon ragon ya yi ƙaho, wani direba daga Kano ya zo da nasa a bayan mota. Aka ba shi Rahila, na yi wata uku ban san daɗin tuwo ba. Ba wasa nake a nan ba, na so yarinyar nan. Bayan shekara huɗu na haɗu da uwarku, kuma tunda ita za ta fara karanta wannan, ina shaida wa duniya cewa Ubangiji ya san abin da yake yi.

Mu koma ranar. Abin da ban hango ba shi ne yanzu nama biyu ne a gida ɗaya, kuma in an dafa, taure da rago duk ja ne a cikin miya. Inna ta ɗebo toka ta ja layi tun daga bakin rijiya har katanga. Tukunyar taure can, da ludayinta da murhunta, Kawu ne mai gadi, aikin da bai taɓa riƙe irinsa da amana ba. Tukunyar rago nan, da sabon ludayin da ba a taɓa sa shi a komai ba. Duk wanda ya tsallaka tokar sai ya wanke hannu. Da azahar Talatu ta fara kai kwanuka. Yawanci sun dawo a wanke. Uku sun dawo yadda suka je, da saƙon a yi haƙuri. Ɗaya daga cikin gidajen nan uku ba su sake cin namanmu ba har suka tashi daga unguwar, kuma ban ga laifinsu ba, ni na ba su dalili. Kwano mai shuɗin murfi kuwa Inna ba ta zuba komai a ciki ba. An ce kada ta wahalar da shi. Ta bar shi a kife kan tabarma shi kaɗai, ta yi ta kewaya shi tana aiki.

Bayan la'asar baƙin majami'a sun watse, Baba yana kishingiɗe, ni ina kankare ƙafafun rago a bakin rijiya, sai muka ji ƙarar sanda a zaure. Aka yi sallama da muryar da duk layin ya sani. Inna ta miƙe har zaninta na neman kama wuta. Gwaggo Asabe ce a tsakar gidanmu, tana duban ɗakuna da rijiya da igiyar shanya, kamar wadda aka ce mata a gidan Kirista akwai wani abu dabam, ta zo ba ta same shi ba. Baba ya tashi ya ba ta tabarmarsa. Aka gaisa, aka sake gaisawa.

"Kande, kowa a layi yana sakace, ni ina shaƙar ƙamshi. Laifin me na yi?"

"Gwaggo, cewa aka yi kin ce..."

"Na ce. Da safe ne. Tsohuwa ba ta da ikon ta faɗa da safe ta sake da yamma?"

Ta juya ta dubi tukwanen nan biyu. Girmansu ɗaya, baƙinsu ɗaya, miyar ciki ja iri ɗaya. Tokar da aka ja ƙafafu sun share ta tun azahar. Kawu ya ƙoshi yana barci a tsakaninsu, ba za a ce ga wadda yake gadi ba. Ba abin da zai nuna wa mutum rago daga taure sai bakin Inna.

"Wacce ce tawa?"

Inna ta nuna ta dama da ludayi. Na jira Gwaggo ta tashi ta leƙa, ko ta ce a kira Malam Garba ya shaida, ko ta sa a tsamo ƙashi ta duba. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta jingine sandarta, ta gyara zama.

"To zuba. A nan zan ci, ƙafata ba ta son komawa da kaya."

Ta yi bismilla ta kai loma, ta tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage mata, mu duka muna kallon bakinta.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce. "Kai mai wuƙa, daina kallona, miƙo mini ruwa. Kande, ƙaro mini wajen haƙarƙarin."

Inna ta juya mana baya ta sunkuya kan tukunya. Ta daɗe tana neman haƙarƙarin nan, alhali yana sama-sama, ni daga bakin rijiya ina hango shi.